Xeon mai kor 14 ko i7 mai RAM kaɗan? Amsa ga mai neman kwamfutar Revit da AutoCAD

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban so in baka amsar tsaye-tsaye bane shi yasa na bari sai yau da na samu zama. Allah ya sanya albarka a sabon ofis ɗin ya kawo ayyukan alheri.

Kace kai da abokinka kun gama bautar ƙasa kun kama ɗan shago anan Jos kuna zanen gidaje, aikinku AutoCAD ne da Revit, sai Lumion idan mai gida ya matsa yana son ganin hoton gidansa tun ba a aza bulo ba. An kawo maka zaɓi biyu kuɗinsu kusan ɗaya, HP Z440 ta gwanjo mai Xeon E5-2680 v4 kor 14 da RAM giga 64, sai wata haɗin hannu mai Core i7-12700 amma RAM ɗinta 16 ne kacal, kuma mai sayarwa yace maka ta farkon ita ce ta injiniyoyi, ta biyun ta yara masu gem ce.

Ka ɗauki i7 ɗin, ka ƙara mata RAM ta kai 32. Amsar kenan a gajarce. Amma tunda kuɗin nan na san ba tsinto su kukayi ba, bari in warware maka dalili yadda ko gobe wani ya zo maka da wani sunan daban zaka iya auna shi da kanka.

Kor ɗin nan da ake ta faɗa, ka ɗauke shi kamar ma'aikaci ne a cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kor 14 ma'aikata 14 kenan. To amma ba kowane aiki ke karɓar taron mutane ba. Kai ɗan Jos ne ka san masu haƙar kuza, nasan ka taɓa leƙa irin ramin da suke shiga, faɗinsa bai wuce na mutum ɗaya ba, ko ƙarti talatin ka kawo mutum ɗaya ne zai sauka ƙasa da diga, sauran suna bakin rami suna jiran bokiti ya fito. Saurin ramin yana hannun wanda ke ƙasan ne. Noman dankali a Bokkos kuwa aikin gayya ne, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an share gonar da mutum ɗaya zai kwashe sati yana fama da ita. Zane a AutoCAD da gina model a Revit haƙar rami ne. Renda, wato fitar da hoton gini kamar na gaske, ita ce gayya.

Kuma ba ragwanta bace ta masu rubuta manhajar, yanayin lissafin ne haka. Duba abinda ke faruwa idan ka matsar da bango ɗaya a Revit. Ƙofar da ke jikin bangon dole ta bi shi, amma ba zata san inda zata tsaya ba sai an gama lissafin inda bangon ya koma, sannan awon da ka rubuta ya canza, sannan faɗin ɗakin ya canza, sannan jadawalin da ke ƙirga maka murabba'in mitocin tayil ya gyara kansa, kowanne yana jiran na gabansa ya gama. A SolidWorks ma haka abin yake ga 'yan mekanikal, ka fitar da ƙarfe, ka huda shi, ka goge bakin hudar, ai ba zaka goge bakin hudar da ba a huda ba tukuna. AutoCAD kuwa tun 1982 ya fito, lokacin da kowace kwamfutar tebur ma'aikaci ɗaya ne a cikinta, kuma har yau mafi yawan aikinsa akan kor ɗaya yake tafiya. Akwai wani saiti a ciki ana kiransa WHIPTHREAD da ke ba wani kor aikin sake zana allo lokacin da kake zuƙowa da nisantawa, amma ɗan taimako ne kawai ba zai canza maka labarin ba. Revit ya fi shi amfani da kor da yawa a wasu wurare, kamar renda ta cikinsa da buɗe fayil da fitar da shafuka, amma wannan jiran da ke cin rai, ka danna abu ka zauna kana kallon da'irar nan tana juyawa, kusan kullum kor ɗaya ne ke wahala.

Na ga wannan da idona a wani ofis can wajen Rayfield. Sun kira ni wai kwamfutarsu ta lalace, tsohuwar babbar na'ura ce mai furosesa biyu a ciki, kor 28 idan ka haɗa, sun saye ta da murna sun ajiye ta a ƙarƙashin teburin oga. Na ce yaron da ke aiki da ita ya buɗe model ɗin otal ɗin da suke zanawa ya matsar da layin grid ɗaya. Ni kuma na buɗe Task Manager, na danna dama akan jadawalin furosesa na sa ya nuna kowane ma'aikaci daban, sai ga ƙananan akwatuna 56 sun cika allo, don kowane kor akwati biyu yake nunawa. Yana matsar da layin akwati ɗaya ya cika har wuya, sauran 55 suna kwance shiru kamar ba a kunna su ba, jimillar aikin furosesa a sama bata kai kashi biyar cikin ɗari ba, mu kuwa muna tsaye muna jira. Ogan ya daɗe yana kallon allon nan bai ce komai ba, can yace to ashe kuɗin kor 27 na biya suna barci. Wallahi na ji masa, don ba ganganci yayi ba, abinda aka faɗa masa ya bi.

To mu dawo kan naka biyun. E5-2680 v4 a 2016 ya fito, gudunsa na yau da kullum gigahas 2.4, idan ya ƙure yakai 3.3. An yi shi ne don saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗaukar ƙananan ayyuka da yawa lokaci guda. i7-12700 kuwa na farkon 2022 ne, kor 12 gareshi, takwas manya masu ƙarfi huɗu ƙanana masu tattalin wuta, kuma manyan suna kaiwa 4.9. Sannan ba lambar gigahas kaɗai bace, sabon kor yana yin aiki mai yawa a kowane bugu ɗaya fiye da tsohon, kamar magini biyu ne kowa ya ɗaga hannu sau ɗaya amma ɗaya bulo biyu ya aza. Idan ka haɗa biyun, a aikin kor ɗaya i7 ɗin yana kusan ninka Xeon ɗin. Abinda zai baka mamaki ma, ko a renda inda kake tunanin 14 ɗin nan zasu rama, i7 ɗin ne dai a gaba.

Wannan maganar ta shafi sunan i7 ɗin kansa, don shima ana rufe mutane da shi. Kar ka taɓa sayen kwamfuta don ance maka i7 ce, ka tambayi lambar da ke bayan sunan. i7-4770 zubi na huɗu ne tun 2013, kor huɗu, kuma i3-12100 na 2022 ya wuce shi nesa ba kusa ba. Lambobin farko bayan ɗan layin nan su ne zubin. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 5600X da Ryzen 7 5800X har yanzu suna aikin zane lafiya ƙalau kuma RAM irin DDR4 suke ci, Ryzen 7 7700X ya fi su gudu yana kaiwa 5.4 amma shi DDR5 kaɗai yake karɓa. Ni bana addinin kamfani a wannan harka, duk wanda kor ɗinsa ɗaya yafi sauri a kuɗin da ke aljihunka shi ne naka. Su Threadripper mai kor 64 da sabbin Xeon W suna da masu su, wanda sana'arsa renda ce da Corona ko V-Ray dare da rana, ko mai lissafin injiniyanci a manhajar ANSYS da ke kwana yana gudu, amma kai da ke zana duplex da shaguna ba ka kai nan ba, kuma ko ka kai, na'ura ta biyu ake saya don wannan.

Yanzu RAM, inda nasan 64 ɗin nan ce ta tsone maka ido.

RAM kamar teburin zanen da kuka yi amfani da shi a situdiyo ne. Idan takardar A1 ce a gabanka teburin A0 ya ishe ka, ko an baka tebur mai faɗin falo hannunka ba zai ƙara sauri ba. Matsala tana zuwa ne idan teburin ya gaza, ka koma kana naɗe wata takarda kana warware wata. A kwamfuta idan RAM ta cika, Windows sai ya fara kwashe kaya yana zubawa a SSD, wato faifan ajiyar fayil, yana ɗebowa, nan ne zaka ga linzami ya daskare, Revit yayi fari, wani lokacin ya rufe kansa da aikin awa biyu a ciki. Saboda haka ƙarancin RAM bala'i ne, amma rarar da ba ka taɓawa bata ƙara maka komai. Giga 64 akan furosesa mai nawa ba zata sa bangon nan ya matsa da wuri ba ko da daƙiƙa ɗaya.

Nawa ne ya isa? Autodesk da kansu suna da wani awo da suka daɗe suna bayarwa akan Revit, cewa fayil idan ya buɗe yana cin kusan ninki 20 na girmansa a ajiye, saboda a matse yake a faifai. Fayil mai mega 100 zai nemi wajen giga 2, mai mega 500 wajen giga 10, kuma idan ka jona model ɗin injiniyan ƙarfe da na masu wuta da famfo suma sai ka ƙirga nasu. Akan wannan ka ɗora abinda Windows ke ci, da Chrome da nasan baka rufewa, da AutoCAD a gefe kana duba pilan ɗin safiyo, da PDF ɗin da mai gida ya turo ta WhatsApp. A matakan da suke bayarwa na Revit 16 ita ce ta farawa, 32 ta tsakiya, 64 ta manyan model masu nauyi. Ni a aikin da nake gani a garin nan, gidan zama da plaza mai hawa uku ko huɗu da makaranta da masallaci, 32 tana ɗauka har da sarari. 16 zata yi maka wata shida na farko sannan ranar da ka buɗe Revit da Lumion tare ka fara jin jiki. 64 sai ranar da aka baku asibiti ko rukunin gidaje gaba ɗaya a fayil guda, ko kuka fara aiki da hoton leza na tsohon gini, kuma ranar in Allah ya kawo ta kuɗin aikin ne zai saya.

Ga hanyar da zaka gane da kanka ba sai ka tambayi kowa ba. Ranar da kake tsakiyar aiki mafi nauyi, komai a buɗe, ka shiga Task Manager ɓangaren RAM ka duba nawa ake ci. In kana yawo a kashi 60 ko 70 kana lafiya, in kana manne da 90 kullum to lokacin ƙari yayi.

Abinda mutane suka fi sakaci dashi kuma shine yadda aka jera sandunan RAM ɗin. Furosesa irin i7 ɗin nan hanya biyu gareshi zuwa RAM, idan sanda ɗaya ka saka hanya ɗaya kawai ke aiki. Sanda biyu na 16 sun fi sanda ɗaya ta 32 duk da jimillar ɗaya ce. Don haka ka tambayi mai kayan, 16 ɗin nan sanda ɗaya ce ko 8 biyu? In ɗaya ce ka ji daɗi, ka nemo 'yar uwarta iri ɗaya gudu ɗaya, in son samu ne kamfani ɗaya, ka saka shikenan ka samu 32 akan hanya biyu. In 8 biyu ne, ni shawarata kayi musaya dashi ka cika kuɗi ya baka 16 biyu, ka bar gurbi biyu fanko don gaba. Kuma idan madabod ɗin, wato babban allon da ake dasa komai a kansa, gurbi huɗu gareshi ba a manna sandunan kusa da juna, yawanci gurbi na biyu da na huɗu ne idan ka ƙirgo daga furosesa, littafin madabod ɗin zai nuna maka. Na sha buɗe na'ura in tarar an jera su gefe da gefe shekara guda ana aiki akan hanya ɗaya ba wanda ya sani.

Sai ka tabbatar DDR4 ce ko DDR5 kafin ka sayi ƙari, domin zubi na 12 zuwa na 14 na Intel suna iya aiki da kowacce, madabod ɗin ne ke yanke hukunci, kuma tsagar da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya take ba, ɗaya bata shiga gurbin ɗaya, kar ka danna da ƙarfi. Bambancin gudu tsakanin su a aikin zane ɗan kaɗan ne, ban yarda ka rage yawa don ka sayi mai sauri ba, 32 ta DDR4 tafi maka 16 ta DDR5 sau goma. Idan DDR5 ce kuma ka guji cika gurbi huɗu, yawanci gudun yana sauka idan aka cika su.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka kiyaye sosai don yana kama mutane a kasuwa. Zaka ga RAM ta gwanjo DDR4 giga 16 ko 32 da araha har ka yi mamaki, to yawanci daga saba aka ciro ta, irin wadda ke cikin Z440 ɗin ce, mai rijista. Tsagarta ɗaya da ta gida, zata shiga gurbin tsaf, amma kwamfutar ba zata tashi ba. Wani ɗalibin akitekca ya taɓa kawo min tasa a cikin buhu akan keke napep, fuskarsa duk ta canza, yace tunda ya saka sabuwar RAM fanka kawai ke juyawa allo baƙi ƙirin, ya ɗauka ya ƙone madabod. Na zare sandar na kai ta bakin taga na karanta 'yar takardar da ke jikinta, PC4-2400T sai ɗan layi sai harafin R. Wannan R ɗin ita ce mai rijista. Wadda zata yi maka U zaka gani a wurin, ta laftof kuma S. Muka maida tsohuwar tasa ta tashi nan take, sai da ya zauna akan benci yayi ajiyar zuciya tukuna ya iya magana.

Mai sayarwa zai ce maka ai ta Z440 ECC ce. Gaskiya ne kuma ECC abu ne mai kyau, tana gano kuskuren ɗigo ɗaya a cikin RAM ta gyara shi kafin ya ɓata lissafi. Wanda zai bar lissafi yana gudu kwana biyu yana da hujjar nemanta. Kai da kake adana aiki duk bayan minti goma sha biyar, abinda yafi barazana ga fayil ɗinka ɗauke wuta ne, kuɗin UPS mai kyau yafi maka amfani.

Baka faɗa min katin hoton da ke cikin kowacce ba, kuma tunda kace Lumion to wannan ba ƙaramar magana bace. Lumion da Enscape da Twinmotion da D5 Render duk akan katin hoto suke rayuwa, furosesa ɗan rakiya ne a wurinsu, kenan ko a renda ɗin taka kor 14 ɗin nan basu da aikin yi. Abinda zaka duba shine ƙarfin katin da kuma RAM ɗin da ke jikinsa, domin bishiyoyi da ciyawa da motocin da kuke zubawa a harabar gida can suke zama. RTX 3060 mai giga 12 kati ne da ya dace da ƙaramin ofis irin naku. Tsofaffin na'urorin gwanjo kuwa sau da yawa da tsohon Quadro mai giga 2 ko 4 suke zuwa, sunan yana da daɗin ji amma Lumion na yanzu zai durƙusar da shi. Katin ƙwararru irin Quadro yana da muhimmanci ga mai SolidWorks, don wasu abubuwa kamar RealView a hukumance sai da shi suke kunnuwa, amma AutoCAD da Revit suna tafiya lafiya akan GeForce irin RTX 3060 ɗin nan. Kuma don Allah SSD irin NVMe, kar ka yarda a ɗora maka Windows akan tsohon faifai mai juyawa, shi ka barshi don ajiyar tsofaffin ayyuka.

Wani abin da ya ƙara kashe min gwiwa akan Z440 ɗin shine Windows. Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, E5 v4 baya cikin jerin. Eh ana iya yi masa dabara ya hau, yara suna yi kullum, amma na'urar da abincinku ya rataya a kanta ban so ta zauna akan dabara, kuma masu manhajojin zane suna bin sahun Microsoft ne a hankali su daina tallafa wa tsohon.

Idan kuma a garin yawon kasuwa aka nuna maka i7 ko i9 na zubi na 13 ko 14 na tebur, masu sauri ne ƙwarai amma ka sani a 2024 Intel ta amsa cewa suna da matsalar wuta mai yawa da ke lalata su a hankali har su fara faɗuwa ana tsakiyar aiki, ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke jikin madabod, ta kuma ƙara garantin shekara biyu. Gyaran yana kare wanda bai lalace ba ne, wanda ya riga ya taɓu baya dawowa. Sabo a kwali ka sabunta BIOS ranar farko babu damuwa, na gwanjo da baka san hannun da ya fito ba ni tsoronsa nake. Zubi na 12 da aka kawo maka baya cikin wannan rigimar.

Zafi da ƙura kuma. Mu a Jos Allah ya rufa mana asiri da sanyi, ba kamar abokan aikinmu na Abuja da ke fama a watan Maris ba, amma hunturu yana rama musu da ƙura. Furosesa idan yayi zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, kenan 4.9 ɗin da ka biya kuɗi zai koma ƙasa ba tare da ya sanar da kai ba. Duk ƙarshen hunturu idan na buɗe na'urorin ofisoshi, tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen nan sai in zaro ƙura a dunƙule kamar auduga, ja-ja da ita. Ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora akan tebur ko benci, ka hure ta duk bayan wata biyu ko uku, kuma ka canza 'yar fankar da ke zuwa a kwalin i7 ɗin da babba mai hasumiya, domin i7-12700 duk da an rubuta masa wat 65 yana iya jan har 180 idan aiki ya kankama. Wannan lissafin wat ɗin ka riƙe shi idan zaku haɗa inbata ko sola, shi yasa ma ban tura ka wajen i9 ba, 13900K shi kaɗai yana kaiwa wat 253 kafin ka ƙirga katin hoto, batirinku ba zai kai la'asar ba. Akwatin wuta na cikin kwamfutar ma ka duba sunansa, masu haɗin hannu nan suke matse kuɗi, kuma araha bata ado a wannan wurin don in ya tashi mutuwa baya tafiya shi kaɗai.

Nasan wata rana zaka so laftof don zuwa sait da nuna wa mai gida aiki. In lokacin yazo ka kalli harafin ƙarshen lambar furosesa, U na tattalin batir ne don aikin ofis, H ko HX su ne na aiki mai nauyi, kuma ka tambaya ko RAM ɗin a manne take da madabod, don da yawa daga sirara ɗin nan yadda ka saye su haka zasu mutu ba ƙari. MacBook kuma kar kyau ya ja ka, AutoCAD da ArchiCAD da SketchUp suna da na Mac amma Revit da SolidWorks na Windows ne kawai.

Ban ce Z440 shara bace fa. Na'ura ce mai ƙarfin jiki da aka gina ta don ta shekara tana kunne, in ka same ta da arha sosai nan gaba ta zama ta biyu a ofis, wadda ɗalibin da ya zo koyon aiki zai riƙa zanen AutoCAD na fili akanta, babu laifi. Ko a nan ɗin ma na fi son a cire 2680 ɗin a saka E5-1650 v4, kor shida ne kawai amma yana farawa daga 3.6 ya kai 4.0, zai fi daɗin zane. Abinda ban yarda dashi ba shine ku biya mata kuɗin i7-12700 ta zama uwar ofis.

Ranar da zaka je biya kar ka tafi hannu rabbana. Ka saka fayil ɗin Revit ɗinku mafi nauyi a filash, da CPU-Z da HWMonitor, duk kyauta ne kuma ƙanana. CPU-Z zai nuna maka ainihin sunan furosesa ba abinda aka manna a jikin akwati ba, ya nuna maka sanda nawa ke ciki da gurbin da kowacce take da ko hanya biyu ke aiki, kuma yana da ɗan gwaji a ciki da ke bada maki biyu, na kor ɗaya da na duka. Ka gwada na'urorin biyu a gaban mai kayan ka kalli makin kor ɗaya, gani ya kori ji. Sannan ka bar gwajin nauyi yana gudu kamar minti goma kana kallon zafi a HWMonitor, in ka ga yana manne da digiri 100 to fankar bata isa ba ko man da ke tsakaninta da furosesa ya bushe, a gyara kafin ka miƙa kuɗi. In ka kawo ta gida ka ƙara RAM, ka bar MemTest86 mai gwada RAM ya kwana yana gudu daren farko, kuskure ko ɗaya ya fito ka maida sandar tun rasit bai yi sanyi ba.

Ka turo min hoton shafin madabod da na RAM daga CPU-Z ɗin, da sunan katin hoton da ke ciki, da girman fayil ɗin plaza ɗin da kace kuna kai yanzu, sai in faɗa maka takamaiman sandar da zaka nema. Asabar da safe ina wajen Terminus in Allah ya kaimu, in ka shirya sai mu je tare mu buɗe akwatin mu gani. Ka gaida abokin aikin naka.